Bututun da Takarda Ta Ce Ba Shi da Ɗinki

Da misalin ƙarfe 6:11 na yammacin Alhamis, 9 ga Satumba, 2010, ƙasa ta dare a mahaɗar titin Earl da titin Glenview, cikin unguwar Crestmoor ta garin San Bruno a jihar Kalifoniya ta Amurka. Wuta ta yi tsiri sama har ta kere rufin gidaje. Cikin waɗanda suka fara kiran 'yan kwana-kwana, wasu sun ce jirgin sama ne ya faɗo, tunda babban filin jirgin San Francisco yana nan kusa. Wasu suka ce girgizar ƙasa ce, wasu kuma gidan mai. Fashewar ta karya bututun ruwan unguwar, masu kashe gobara suka tarar famfunansu babu ko ɗigo. Sai da aka yi minti 95 iskar gas tana kwarara cikin wutar kafin ma'aikatan kamfanin gas na PG&E su isa su murɗe bawul da hannu. Mutum 8 suka rasu, gidaje 38 suka ƙone ƙurmus, wasu 70 suka lalace.

Na ɗauko labarin daga nesa ne saboda mutanen da ke kusa. A Wuro Patuji akwai ɗaliban injiniya na Kwalejin Kimiyya da Fasaha ta Tarayya da ke Mubi, waɗanda ke kama hayar ɗakuna a unguwar, kuma cikin garin akwai masu walda da ake kira su haɗa bututu a gidajen mai da shagunan cika tukunyar gas. Binciken da aka yi a San Bruno ya bi hanya ɗaya bayan ɗaya har ya tsaya a kan wani aikin walda mai tsawon da bai kai tsayin mutum ba, kuma ina ganin duk mai riƙe sandar walda, ko mai sa hannu a takardar cewa aiki ya yi, ya kamata ya san yadda aka kai ga wurin.

Da gari ya waye aka ga rami mai tsawon kimanin mita 22 da faɗin mita 8. Can kudu da ramin, tazarar mita 30, ga guntun bututu kwance a kan titi, tsawonsa mita 8 da rabi, nauyinsa ya haura kilo 1,300. Wani yanki ne na layin gas mai lamba 132, mai faɗin inci 30, wanda aka binne a 1956 lokacin da aka karkatar da layin don a share filin gina unguwar. Hukumar binciken haɗurran sufuri ta Amurka, NTSB, ta ɗauki guntun da sauran ɓangarorin da aka yanko daga bakin ramin, ta kai su ɗakin bincikenta kusa da Washintan.

Abin da aka fara zargi shi ne tsatsa. Ƙarfe ya shekara 54 cikin ƙasa, me ake tsammani? Aka kankare, aka auna kaurin bango ciki da waje, ba a sami tsatsar da ta ci ƙarfen ba. Aka juya ga girgizar ƙasa, don babbar tsagar ƙasa ta San Andreas tana wucewa dab da garin. Binciken bai sami wata girgizar ƙasa da ta jawo fashewar ba. Zargi na uku ya fi daɗewa ana ja a kansa. A 2008 an sauya bututun magudanar ƙazanta da ya gitta ta ƙarƙashin layin gas ɗin, ta hanyar tura wani ƙarfe mai farfasa tsohon bututun yana jan sabo a bayansa. Har wani kwamitin masana da jihar Kalifoniya ta kafa ya karkata ga cewa wannan aikin ne ya raunana layin. NTSB ta auna nisan wurin da girman jijjigar da aikin zai iya haifarwa, ta duba jikin ƙarfen ba ta ga lotsawa ko sara ba, ta wanke aikin magudanar.

Zargi na huɗu ya yi kama da an kama ɓarawo da kaya a hannu. A yammacin ranar, a tashar Milpitas mai nisan kimanin kilomita 60, inda ake daidaita matsin iskar da ke shiga layin, ma'aikata suna aikin sauya na'urar wutar lantarki ta ko-ta-kwana. Wuta ta samu tangarɗa, bawul masu daidaita matsi suka buɗe gaba ɗaya, matsi ya hau. Ana auna shi da fam a kan kowane inci murabba'i, wato ma'aunin da ke jikin gejin masu faci, inda tayar ƙaramar mota ke ɗaukar 32 zuwa 35. Kamfanin ya saba kada layin ya wuce fam 375. Lokacin da ya fashe, matsin da ke yankin ya kai 386.

Amma ba a nan gizo ke saƙa ba. Iyakar da doka ta amince wa layin ita ce fam 400, ke nan ko iyakar ba a taɓa ba. Kuma idan aka ɗauki abin da takardun kamfanin suka ce game da bututun, faɗi inci 30, kaurin bango milimita 9 da rabi, ƙarfe mai daraja X42, lissafi yana nuna sai matsi ya kai wajen fam 1,050 kafin ƙarfen ya fara miƙewa. Bututu lafiyayye ba zai ko ji fam 386 a jikinsa ba. Hauhawar matsin ita ce ta tura, babu shakka, amma abin da ta tura ya riga ya kusa faɗuwa.

Daga nan masu bincike suka ajiye takardar kusa da ƙarfen, suka ga ba su yi kama ba. Takardar ta ce bututun marar ɗinki ne, wato an huda shi ne daga dunƙulen ƙarfe guda. Ga shi kuwa a gabansu da layin walda a tsaye daga kai zuwa kai. Ƙari a kan haka, a 1956 babu masana'antar da ke yin bututu marar ɗinki mai faɗin inci 30. Da aka bi sawun kuskuren, sai aka tarar an kwafo bayanin ne daga wata takardar lissafin kuɗi, ya shiga rajistar layin, daga baya ya shiga kwamfuta, kowa yana gadonsa daga na gabansa.

Ga wanda bai saba da manyan bututu ba: ana yin su ne da faffaɗan farantin ƙarfe, a naɗe shi ya zama zagaye, a haɗa bakunan biyu da walda. Wannan shi ne ɗinkin tsaye, kuma a masana'anta ake yinsa da inji, sau ɗaya ta ciki sau ɗaya ta waje, yadda narkakken ƙarfen ɓangarorin biyu zai haɗu a tsakiyar bango babu rata. Ɗinki na biyu shi ne na zobe, wanda mai walda ke yi a fili don haɗa bututu da ɗan'uwansa. Iskar da ke ciki tana jan ɗinkin tsaye da ƙarfi ninki biyu na yadda take jan na zobe, shi ya sa bututun da matsi ya fi ƙarfinsa yake tsagewa a tsaye. Idan rajista ta ce babu ɗinkin tsaye, to an share wuri mafi hatsari daga jerin abubuwan da za a duba.

Abin mamaki na biyu ya fi na farko. Yankin da ya fashe ba dogon bututu guda ba ne. Guntaye ne guda shida aka jera aka haɗa da ɗinkin zobe, kowanne tsawonsa tsakanin mita ɗaya da ɗaya da rabi, alhali ƙa'idar lokacin ma ba ta yarda da guntun da ya gaza ƙafa 5 ba. Babu inda takardun suka ambace su. Aka gwada ƙarfinsu, aka ga bai kai abin da aka rubuta ba. Aka duba ƙarfen a madubin ƙara girma: farantin da aka murza a masana'anta yana da jijiya da ke bin hanyar murzawar, kuma a bututun masana'anta jijiyar tana bin tsawon bututun. A wasu daga cikin guntayen nan jijiyar ta gitta. Ma'ana ba masana'antar bututu ce ta naɗe su ba. Wani ne ya samu gutsattsarin faranti ya lanƙwasa su yadda suka zo masa. NTSB ta nemi wanda ya ƙera su da inda aka ƙera su, ba ta samu takarda ko ɗaya ba.

Sai aka leƙa ciki. A guntu na ɗaya, da na biyu, da na uku, ɗinkin tsaye an yi shi ne ta waje kaɗai. Ta ciki bakunan farantin suna nan a buɗe, tsaga mai kaifi tana bin tsawon guntun, wuta ba ta taɓa shiga wurin ba. Ta waje kuma an bi tudun waldar da injin gurza an shafe shi, har ya rage wa ɗinkin ɗan kaurin da yake da shi. A guntu na ɗaya, inda bango ya kamata ya zama milimita 9 da rabi, ƙarfen da ya haɗu da gaske kimanin milimita 4 ne, kuma bakunan ba su haɗu daidai ba, sun yi kusurwa. Kyan ɗan maciji ke nan: wanda ya tsaya a bakin rami a 1956 yana kallon bayan bututun, sumul zai gan shi.

A fuskar karayar aka karanta sauran labarin. Daga gindin ratar da ba a cike ba, wata tsaga mai tsawon kimanin santimita 6 ta riga ta ci cikin waldar tun kafin ranar. Ta nuna zango biyu: wani wuri ƙarfen ya yage lokaci guda, wani wuri kuma ya ci gaba da ƙananan layuka irin na gajiyar ƙarfe, waɗanda hawa da saukar matsi ke bari shekara bayan shekara. Kowane hawa yana ƙara ɗan abin da ido ba ya gani. Ranar 9 ga Satumba, abin da ya rage bai iya ɗaukar fam 386 ba. Tsagar ta huda bango, ta ruga ta bi ɗinkin, ta zagaye bututun, guntun ya tashi sama.

An gano abin da ya fashe. Tambayar da ta fi damuna ita ce yadda ya kuɓuce wa kowa har shekara 54, domin akwai ƙofofi uku da ya kamata a tare shi, ya wuce dukansu.

Ƙofar farko ido ne. Rahoton NTSB, wanda aka amince da shi ranar 30 ga Agusta, 2011, ya ce wannan aibi ido zai gan shi. Guntun da bakinsa ya kai santimita 76, tsawonsa bai wuce mita ɗaya da rabi ba, mutum da tocila zai leƙa ya ga babu walda a ciki. Ko dai ba a duba ba, ko an gani an kau da kai. Dubawar ido ita ce mafi arha cikin duk gwaje-gwajen, ita ce kuma wadda aka fi rainawa.

Abin da ido ba ya kaiwa gare shi, akwai kayan aikinsa. Ana ɗaukar hoton cikin walda da hasken da ake ɗaukar hoton ƙashi da shi a asibiti, ko da wani sinadari mai fitar da haske irin wannan, galibi iridiyom 192: a manna fim a gefe guda, a haska daga ɗaya gefen, inda ƙarfe bai cika ba ya fito da duhu a fim. Ana kuma tura sautin da kunne ba ya ji cikin ƙarfen, ya doki tsaga ya dawo, na'ura ta nuna zurfinta. Ƙa'idar waldar bututu ta API 1104 ta fayyace wane aibi ake yafewa da wanda dole a yanke a sake. Dokar Amurka ta yau ta ce a manyan layukan gas a gwada aƙalla kashi 10 cikin ɗari na ɗinkin zoben da aka yi kowace rana idan daji ne, kashi 15 inda gidaje suka fara yawa, a cikin gari kuwa dukansu. Ga bututun cikin matatun mai da masana'antu, ƙa'idar ASME B31.3 ta nemi hoton aƙalla kashi 5 cikin ɗari a aikin yau da kullum, a zaɓa ba tare da mai walda ya san wanne za a ɗauka ba. Idan ɗaya ya faɗi, a ƙara ɗaukar wasu biyu na hannun wannan mutumin.

Ƙofa ta biyu ita ce gwajin ruwa, kuma a nan ne zuciyar maganar take. Kafin a saki gas ko mai, ana toshe bututun, a cika shi da ruwa har iska ta fita, a matsa da famfo ya wuce matsin aikinsa, a bar shi awanni ana kallon allurar geji. A B31.3 ninki ɗaya da rabi ne na matsin da aka tsara; a layukan mai ninki ɗaya da kwata na aƙalla awa 4; manyan layukan gas a Amurka awa 8. Dalilin zaɓen ruwa shi ne ba ya matsuwa. Tayar babbar mota idan ta fashe a hannun mai faci tana iya kashe shi, amma durom cike da ruwa idan ya tsage, tsartuwa zai yi matsin ya faɗi nan take. Gwajin yana tilasta wa aibi ya bayyana ranar da aka shirya masa, da abin da ba ya kama wuta. Ba a sami shaidar an yi wa yankin San Bruno wannan gwaji a 1956 ba. A 1961 Kalifoniya ta wajabta shi ga sababbin layuka ta ƙyale tsofaffi. A 1970 dokar tarayya ta yi haka ita ma, ta ce tsohon layi ya ɗauki matsi mafi girma da ya yi aiki da shi cikin shekara biyar da suka gabata a matsayin iyakarsa. Ke nan fam 400 ɗin nan ba gwaji ne ya haife shi ba. NTSB ta ce da an yi gwajin ruwa, da alama guntun zai fashe tun a ranar.

Ƙofa ta uku ita ce duba lafiyar layin bayan ya tsufa. Akwai na'urar da ake sakawa cikin bututu gas ya tura ta tana auna bango, amma layin 132 yana da lanƙwasa da bawul da sauyin faɗi da ba za ta iya wucewa ba. Kamfanin ya zaɓi hanyar bin layin ta saman ƙasa ana neman alamar tsatsa, a haƙa wasu wurare a duba. Hanya ce mai kyau ga tsatsa, ba ta ganin ɗinkin da ba a rufe ta ciki ba. Ana zaton wuta a maƙera, ta tashi a masaƙa. Kuma gargaɗi ya taɓa zuwa: a 1988 wani ɗinkin tsaye ya yi yoyo a wannan layin, 'yan kilomitoci kudu da San Bruno, bai sa an koma an tuhumi rajistar ba.

A Afrilun 2015 hukumar jihar Kalifoniya mai sa ido kan kamfanonin gas ta ci PG&E tarar dala biliyan 1.6. A Agustan 2016 kotun tarayya ta same shi da laifuka shida, har da kawo cikas ga binciken NTSB. Amma hujjar da ta fi gamsar da ni ta zo tun kafin nan. Da aka tilasta wa kamfanin ya bi tsofaffin layukansa da gwajin ruwa, a Oktoban 2011 wani bututu mai faɗin inci 34 ya tsage a ɗinkinsa na tsaye kusa da Bakersfield, a watan Nuwamba kuma layin 132 da kansa ya sake fashewa kusa da Woodside, laka ta malalo kan babbar hanya. Ruwa ne a ciki duka biyun, babu rai da ya salwanta.

Mu dawo gida. Ranar 30 ga Yuni, 2020 Shugaba Muhammadu Buhari ya ƙaddamar da aikin bututun gas na Ajaokuta zuwa Kaduna zuwa Kano, mai tsawon kilomita 614 da faɗin inci 40. Idan kowane bututu mita 12 ne, ɗinkin zobe kaɗai ya haura dubu 50, kowanne da lambarsa, da mai waldarsa, da sakamakon gwajinsa. Waɗannan takardu su ne jikokinmu za su dogara da su lokacin da unguwanni suka mamaye hanyar layin a Zariya da Kano, kamar yadda Crestmoor ta zauna a kan layin 132. Hukumar NMDPRA, wadda dokar man fetur ta 2021 ta kafa, ita ke da alhakin irin waɗannan layuka da gidajen mai da na gas, hukumar NNRA kuma ita ke ba da lasisin riƙe sinadarin ɗaukar hoto. A ganina ajiye fim da rajistar gwaji inda za a same su bayan shekara hamsin yana cikin aikin ginin kansa, bai kamata a bar shi ga ɗakin ajiyar ɗan kwangila ba.

Hatsarin da ya fi kusa da mu ƙarami ne a jiki, babba a matsi. Tun da aka cire tallafin fetur a Mayun 2023 ake ta mayar da motoci su yi amfani da matsattsiyar iskar gas, wadda ake ɗura wa tukunya da matsin kusan fam 3,000, fiye da ninki bakwai na abin da ya fasa San Bruno. Tukunyar ƙarfe ta wannan aiki marar ɗinki ce da gaske, haka ƙa'ida ta ce. A Oktoban 2024 wata mota ta tarwatse tana shan gas a wani gidan sayarwa a birnin Benin, mutane suka jikkata, kuma hukumar da ke kula da shirin mayar da motoci gas ta bayyana cewa tukunyar haɗin walda ce, ba wadda aka amince da ita ba. Duk mai waldar da aka kawo wa irin wannan aiki a Mubi, komai ƙwarewarsa, ya ƙi karɓa.

Gwajin da aka fi sani a garuruwanmu shi ne kumfar sabulu: a shafa a mahaɗa, idan ba ta yi ƙwai ba a ce ya yi. Yana da amfani, yana nuna yoyon yau. Amma da an shafa wa guntun San Bruno sabulu a 1956 zai wuce lafiya lau, domin ba ya yoyo. Rabin bango ne kawai ba shi da shi. Mafi yawan abin da ya kamata a ƙara ba ya buƙatar na'ura mai tsada. A gurza bakunan bututu su yi gangare, a bar 'yar rata, yadda zubin farko zai ratsa har ciki. Kafin a ba mutum aikin layin fetur ko gas, ya yi walda a guntun gwaji, a yanko ɓallinsa a lanƙwasa shi da gefen ciki a waje. Idan gindin bai haɗu ba zai buɗe a gaban kowa. Akwai gwangwanayen feshi uku, mai wankewa da ja da fari, masu fito da tsagar da ta kai fuska. Famfon hannu da geji mai kyau sun isa gwajin ruwa a ƙaramin layi, a zubar da ruwan a busar bayan an gama. Kada a gwada da iskar kwamfiresa don gudun wahalar ruwa, iskar oksijin kuwa ko kusa.

Duk wannan sai a yi shi bututu yana fili, kafin a mayar da ƙasa a zuba kankare. Takardar da za a rubuta ta faɗi irin bututun kamar yadda aka karanta a jikinsa, ba yadda rasit ya ce ba, da sunan wanda ya yi kowace mahaɗa, da matsin da aka kai, da awannin da allura ta tsaya, da wanda ya tsaya ya gani da idonsa. Kwafi ɗaya ya zauna wurin mai gidan man, ɗaya ya tafi ofishin hukumar da ke kula da jihar.